Masu shan maganin ciwon suga, yaya kuka yi da shi a farko?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan da aka gano ina da ciwon suga nau'i na biyu, likita ya ɗora ni a kan metformin 500mg. Tun daga ranar cikina bai zauna ba, ga gudawa, ga tashin zuciya, ga ɗanɗanon ƙarfe a baki. Wallahi har na fara tunanin ajiye shi.

Maman Yara: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada ka ajiye ba ka gaya wa likita ba. Ni ma haka na yi fama, ashe ina shan sa ne ciki babu komai. Da na koma haɗiyarsa a tsakiyar cin abinci, aka kuma canza min zuwa irin wanda ke narkewa a hankali, cikin wata guda abin ya lafa. Aikinsa shi ne rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini, shi ya sa shi kaɗai ba kasafai yake faɗar da suga ƙasa sosai ba.

Dattijo: Gaskiya ne, Hajiya. Wanda ya kusa kayar da ni shi ne glibenclamide, mai matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Wata rana na sha, aiki ya ɗauke min hankali ban ci komai ba. Sai gumi ya karyo min, hannu na rawa, ido na ganin duhu-duhu. Da aka auna sugan jinina, 56 ne, alhali ƙasa da 70 ma haɗari ne. Tun daga nan ba na fita sai da 'yar alewa a aljihu.

Maman Yara: Allah ya kiyaye gaba, Baba.

'Yar Auta: Ni empagliflozin aka ƙara min saboda ƙodata. Yana fitar da suga ta fitsari, don haka sai yawan zagayawa da ƙishirwa. Kunya ta sa na ɓoye ƙaiƙayin gaba har sati biyu, da na faɗa kuwa aka ba ni magani ya wuce.

Dattijo: Sabon Shiga, idan ka daɗe a kan metformin, ka nemi a riƙa duba maka bitamin B12. Shekarata takwas ina sha kafin ƙafafuna su fara yi min kamar ana tsira allura, aka duba ya yi ƙasa.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan koma asibiti, zan tambayi likita batun mai narkewa a hankalin nan.