Wace ƙusa ta dace da wuƙa mai naɗewa

Maƙeran da suka tattauna wannan batu a kasuwar Katako ta Yamai bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: ƙusar da ruwan wuƙa ke juyawa a kanta ita ce ke shan wahala, don haka baƙin ƙarfe mai tauri ya kamace ta, ko inos, wato farin ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ga mai gudun tsatsa. Goran ruwa kam kowa ya ƙi shi, nan da nan yake cinyewa wuƙa ta kama girgiɗi.

Ƙusoshin ƙota ne aka ja zance a kansu. Mafi yawa tagulla suka zaɓa, don tana bajewa da bugu kaɗan, ba ta tsatsa. Jan ƙarfe ya fi ta laushi, amma gumin hannu na sa shi kore. Wani dattijo ya ja kunnen masu ƙotar ƙaho: a bar kan ƙusar ya ɗan leƙo kamar milimita 1, a riƙa dandaƙa gefensa a hankali, in aka cika hannu ƙahon tsagewa zai yi.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce a soka guntun reza tsakanin ruwa da ƙota kafin a bugi ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta, a zare shi bayan an gama, wuƙar ba za ta cije ba.