Sanyi ya matso, da wane aiki zan fara a lambu?

Uwar yara biyar:
Assalamu alaikum. Muna da ɗan lambu a bayan gida: tumatir da tattasai da kabewa, sai karas da kabeji da albasa, da kunya biyu na dankalin turawa. Dare ya fara sanyi sosai, tumatir kuma fiye da rabinsa ɗanye ne. Me zan cire, me zan bari a ƙasa? Kuma ya zan adana su ba tare da na sayi wasu kaya ba? So nake abin ya kai mu ƙarshen hunturu.

Tsohon mai lambu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da waɗanda ba sa jure sanyi, wato tumatir da tattasai da kabewa. Dare ɗaya da ma'aunin zafi na Celsius ya sauka digiri 0, raɓa ta daskare a kan ganye, ya isa ya ƙone su. Ki riƙa duba sama da yamma: daren da babu gajimare, iska kuma ta kwanta, shi ne abin tsoro, domin zafin ƙasa yana tashi ba abin da zai tare shi.

Ɗanyen tumatir ba asara ba ne. Ki tsinke duk wanda ya ƙosa, wanda girmansa ya cika kuma korensa ya fara haske. Ki jera a kwali layi ɗaya, kada su danne juna, ki ajiye inda zafi yake tsakanin digiri 13 da 21. Ƙasa da digiri 10 ba zai nuna da kyau ba, ɗanɗanonsa ma ya tafi, shi ya sa firiji bai dace da shi ba. In kina so wasu su riga nuna, ki sa musu ayaba nunanniya guda a kwalin, iskar da take fitarwa ce ke gaggauta su. Duk bayan kwana biyu ki duba, wanda ya yi tabo ki cire shi kafin ya shafi na kusa da shi.

Kabewa kuwa ki yanke ta da hannunta, kamar santimita 5 zuwa 8. In hannun ya ɓalle, ta nan ruɓa ke shiga, sai ki fara cin wannan. Ta yi kwana 10 a wuri mai ɗumi ɓawonta ya yi tauri, sannan ta koma inda yake digiri 10 zuwa 15.

Mai kula da rumbu:
'Yar'uwa, inda mutane suke yawan kuskure shi ne su zuba komai wuri ɗaya. Albasa bushewa take so. Ki shanya ta a inuwa mai iska mako 2 zuwa 3 har wuyanta ya bushe ƙayau, sannan ki rataye a buhun raga. Dankali duhu yake so da sanyi kamar digiri 7. Haske na mayar da shi kore, koren nan kuma alamar guba ce, sai a fere shi sosai ko a zubar. Kada ki haɗa shi da albasa, damshinsa na ruɓar da ita.

Karas da kabeji ki ƙyale su tukuna. Sanyi kaɗan ba ya musu komai, karas ma ƙara zaƙi yake yi. Kafin ƙasa ta daskare ki tone shi, ki yanke ganyen ki bar santimita 1, kada ki wanke, ki binne a yashi mai ɗan damshi cikin bokiti ko akwati, a wuri mafi sanyi a gidan amma inda ba ya ƙanƙara.

Uwar yara biyar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, in na rufe kabejin da leda da dare fa?

Tsohon mai lambu:
Tsohon zanen gado ya fi. Duk inda leda ta taɓa ganye, nan sanyi zai ƙone. In dole ita ce, ki kafa sanduna ta tsaya a kansu. Ki rufe kafin rana ta faɗi, ki danne gefe da duwatsu har ƙasa, ki yaye da safe. Ki kuma ba ƙasar ruwa da rana, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafi. Sai dai rufi digiri 2 ko 3 kawai yake ƙarawa, ni dai ba zan ba ki shawarar wahala da shi a kan tumatir ba.

Inda kika cire tumatir ki dasa tafarnuwa, ba ki da wani kashe kuɗi. Ƙwaya ɗaya-ɗaya, tsininta sama, zurfin santimita 5, tazarar santimita 12, mako 4 ko fiye kafin ƙasa ta daskare. Ki lulluɓe da busasshen ganye kaurin santimita 10. Sanyin ne ke sa ta rabu ƙwaya-ƙwaya. Ganyen tumatir mai cuta kada ya shiga ramin taki, ki fitar da shi daga lambun gaba ɗaya. Mesar ban ruwa ma ki tsiyaye ta ki shigar ciki, ruwan da ya daskare a cikinta kumbura yake yi ya tsaga ta.