An ce in ƙara sunan wanda bai yi aikin ba a maƙalata: wa ya taɓa shiga irin wannan?

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan wani abu yana hana ni barci, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan. Ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a wata jami'a nan Kumasi, bincikena kan hawan jini ne tsakanin mata 'yan kasuwar Kejetia. Wata takwas na yi ina bin rumfa-rumfa da na'urar awo a jaka, wata ranar sai bayan la'asar mace za ta samu sararin miƙo mini hannu. Na rubuta maƙalar farko, malamin da ke duba aikina ya bi ta da jan biro har sau huɗu. Shi kam sunansa ya cancanci zama kusa da nawa, ba ni da ja. To ranar Litinin da na kai masa ta ƙarshe, yana tattara takardu zai shiga aji, sai ya ce mini, "Ki sa sunan Dokta wane a na uku, bana yake neman ƙarin girma." Doktan nan gaisuwa kawai ke haɗa mu a matakala, ko shafi ɗaya bai taɓa gani ba. Na ce to, don bakina ya saba. Yanzu ga takardar da mujallar ta aiko, kowane marubuci sai ya sa hannu ya faɗi abin da ya yi. Me zan rubuta a gaban sunansa?

Malamin Lissafi, Ayigya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ne "Dokta wane" na wata maƙala, don haka bari in ba ki labarin daga ɗaya ɓangaren. Shekarun baya wani abokina ya same ni a ofis ya ce ya sa sunana a aikinsa, in na tashi fitar da nawa ni ma in tuna da shi. Na yi godiya har da saya masa waakye, wato shinkafa da wake. Na jera ta cikin takardun neman ƙarin girma ban karanta abin da ya wuce taƙaitawar farko ba. Bayan shekara biyu sai ga wasiƙa daga editan mujallar, an aiko wa dukanmu mu huɗu: wani mai karatu ya lura alƙaluman jadawali biyu iri ɗaya ne sak, alhali an ce daga garuruwa biyu aka samo su. Ana so mu turo ainihin bayanan da aka tattara. Na kira abokina, ya ce kwamfutar da suke ciki ta lalace. Na rubuta wa editan cewa ni ban taɓa ganin bayanan ba, sai ya mayar mini da tambaya ɗaya: to me ya kawo sunanka? Wallahi na fi awa ɗaya ina kallon allon kwamfuta. An janye maƙalar, sanarwar janyewar tana nan a intanet da sunana a jere da nasu, kuma ni malamin lissafi ne, kowa zai ɗauka ni na haɗa jadawalin.

Hajiya Malama, Tafo:
Ku yi haƙuri, ni ba zan yi saurin ɗora wa malamin nata laifi ba. Shekara 19 ina koyarwa. Ba a ba ka kuɗin bincike, ajinka ya fi mutum ɗari uku, ga takardun jarrabawa na jiranka, sannan kwamiti ya ce kawo maƙaloli kaza ko ka dawwama a matakinka. A irin wannan hali mutane suke ɗaukar juna, ka sa ni in sa ka, kamar adashe. Ban ce daidai ba ne. Ni ma an taɓa sa ni, na kuma sa wani, Allah Ya yafe mana. Amma 'yata, ke ce mai ƙaramin ƙarfi a zancen nan, kundinki yana hannun mutumin. Kada ki je ki ce masa a'a tsirara. Ki ɗauki takardar mujallar ki kai masa, ki ce Malam ga abin da suka aiko, wane aiki za mu ba Dokta ya yi don a samu abin rubutawa? In Doktan ya zauna ya sake duba lissafin da gaske, ya gyara rubutun, ya karɓi alhakin abin da ke ciki, ya ci guminsa. In ya ƙi, takardar ce ta hana shi, ba ke ba.

Tsohon Edita, Adum:
Dabarar Hajiya tana aiki, na ga ta yi aiki. Sai dai a kula kada ta koma wasan yara, a tura masa ya gyara waƙafi biyu a ce ya yi bita.

Na riƙe wata ƙaramar mujallar kiwon lafiya shekara shida. Ƙa'idar da mujallun likitanci da yawa ke bi ita ce ta kwamitin editoci na duniya da ake kira ICMJE, wanda ya faro daga wani zama a Vancouver ta Kanada a 1978. Sharuɗɗa huɗu ne, kuma duka ake so mutum ya cika: ya taka rawar gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun ko ya yi masa gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya yarda a tuhume shi in wata matsala ta taso. Na huɗun nan a 2013 aka ƙara shi, kuma shi ne ya kama Malamin Lissafi. Shugabancin sashe kawai, ko samo kuɗin bincike kawai, ba ya sa mutum ya zama marubuci. Wurinsa sashen godiya.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke da ciwon. A 1994 wani likitan mata a Landan, Malcolm Pearce, ya wallafa cewa ya ɗauke cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya dasa shi cikin mahaifa har aka haifi jariri lafiya. Da aka bincika, babu matar, babu jaririn. Cikin sunayen da ke kan rahoton har da shugaban sashensa, Farfesa Geoffrey Chamberlain, wanda kuma shi ne editan mujallar da ta buga, shi ne kuma shugaban ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya. Ba shi ya ƙirƙiri ƙaryar ba, sunansa ya bari aka sa bisa al'ada. Sai da ya sauka daga kujerar edita da ta shugaban ƙungiyar, aka kuma soke lasisin Pearce a 1995. Bayan shekara biyu, a 1997, wasu editoci a Birtaniya suka kafa COPE, kwamitin da har yau editoci ke komawa gare shi kan ladubban wallafa.

Abin da ya fi ba ni wahala lokacin ina kujerar shi ne saƙon da ke zuwa bayan an karɓi maƙala: "Mun manta da sunan wane." Yaya za a manta da wanda aka yi aiki da shi? Sai in ce su rubuto dalili, kowa a cikinsu ya sa hannu. Da yawa daga nan ba na sake jin zancen. Sau ɗaya dai wani babba ya kira ni da daddare ya tuna mini cewa shi ya koyar da ni a aji ɗaya. Na tsaya a kan bakana, amma ya daina amsa gaisuwata har ya yi ritaya.

Tafinta, Asawase:
Ku kuna maganar wanda aka sa bai yi aiki ba. Ni kishiyar haka ta same ni. Wasu masu bincike daga Turai sun zo nazarin yadda matan zango ke neman magani lokacin goyon ciki. Ni na kai su gaban sarkin unguwa da limamai, ni na lallashi mazaje suka bar matansu su yi magana, ni na yi hirarrakin da Hausa da Twi, na kwana ina juya su zuwa Turanci da fitilar waya in an ɗauke wuta. Akwai ranar da suka fassara kunya da tsoro, suka rubuta wai matan tsoron asibiti suke. Na zaunar da su na bayyana musu cewa mai cikin fari ba ta faɗin cikinta ko ga uwarta, ba tsoron kowa take ba. Da maƙalar ta fito, wannan bayanin shi ne ƙashin bayanta, kusan kalma da kalma. Sunaye biyar, babu nawa. A sashen godiya an rubuta "muna gode wa mataimakanmu na cikin gari". An biya ni kuɗin kwanakina, ban ce an cuce ni a kuɗi ba. Amma da na nemi gurbin digiri na biyu aka tambaye ni ko na taɓa wallafa wani abu, ba ni da abin nunawa.

Tsohon Edita, Adum:
Malam Tafinta, wannan ma ƙa'idar ta taɓo shi. Ta ce wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi damar shiga rubutun da bitarsa, kada a hana shi damar sannan a ce bai cika sauran ba. Nan gaba ka yi maganar suna tun ranar da ake maganar kuɗi, kuma a rubuce.

Ɗan Nima, Accra:
Ni ba mutum ne ya roƙe ni ba, talla aka yi mini. Lambar da ban sani ba ta turo mini jerin taken maƙaloli ta WhatsApp, wai an riga an karɓe su, saura guraben suna. Na farko ya fi tsada, na huɗu da rangwame, a biya ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Har da wata kan injiniyan ruwa, ni da na karanta tarihi! Na goge. Daga baya na karanta cewa a 2023 kaɗai an janye maƙaloli sama da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga mujallun kamfanin Hindawi, galibi saboda irin waɗannan masana'antun maƙala. Wanda ya biya kuɗinsa, kuɗin sun tafi, sunan kuma ya zauna a jerin Retraction Watch, shafin intanet mai tattara maƙalolin da aka janye.

Almajirin Zaure, Alabar:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na tashi cikin tsofaffin takardun kakana. In ka duba ƙarshen littafin da aka kwafa da hannu, za ka ga an ambaci mawallafi, sannan wanda ya kwafa ya faɗi sunansa daban, wani lokaci har da wanda aka kwafa dominsa, kowa da matsayinsa. Akwai kuma hadisi a Buhari da Muslim da ya kamanta mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Yaya, ki yi abin da Hajiya ta ce, amma in aka ce ki rubuta da hannunki cewa ya yi abin da bai yi ba, wannan shaida ce.

Hajiya Malama, Tafo:
Malam, gaskiya ka faɗa. Sai dai mai faɗin gaskiyar ba shi zai zauna gaban kwamitin kare kundi ba. A bar ta ta bi a hankali.

'Yar Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau bayan azahar na kai wa Malam takardar kamar yadda Hajiya ta ce. Ya sa tabarau ya karanta ta har ƙasa, ya yi shiru, sannan ya ce in tura wa Dokta maƙalar da duk bayanan, a ba shi mako biyu ya sake lissafin ta wata hanya. Bai ce a cire sunan ba, bai kuma ce a bar shi ba. Na tura da ƙarfe huɗu. Baba Edita, in mako biyun ya cika ya dawo mini da "na gani, ta yi kyau" kawai, zan iya roƙon a sa shi a sashen godiya, ko shi ma sai an nemi izininsa?

Tsohon Edita, Adum:
Sai an nema, 'yata. Mujallu da yawa ma a rubuce suke son izinin. Ki ajiye saƙon da kika tura masa yau da kwanan watansa.