Ina Neman Shawara Kan Riƙe Zumunci da Ubangiji Bayan Addu'ar Safe

'Yan'uwa a cikin Almasihu, ina gaishe ku. Kowace safiya nakan karanta Zabura, in durƙusa in yi addu'a, amma da zarar hidimar yini ta kankama sai abin da na karanta ya kwanta mini, musamman idan abokin aiki ya yaɓa mini magana mai zafi. Na gwada haddace aya, na kuma shiga ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki, amma har yanzu da sauran rina a kaba. A Luka 9:23 Yesu ya ce mai binsa ya ɗauki gicciyensa kowace rana, kuma a ganina wannan ya wuce ibadar safe kaɗai. Ku da kuka daɗe cikin bangaskiya, don Allah yaya kuke yi idan aiki ya sha muku kai?