Wai me ya haɗa Kirsimeti da bishiya da tsoho mai jajayen kaya?

Ummin_Sadik:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku fitar da ni duhu. Duk Disamba sai in ga a talabijin Turawa sun kafa bishiya a tsakar falo, ga wani tsoho mai farin gemu, wai duk bikin haihuwar Annabi Isa (AS) ne. To wanda aka haifa a Baitalami ina ruwansa da dusar ƙanƙara? Addini ne ko al'ada?

Baban_Rahila:
'Yar'uwa duka biyun ne, sun cakuɗe. Ni Kirista ne kuma gaskiya Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar ba. Shaida mafi daɗewa ta yin bikin ran 25 ga Disamba daga Roma take, shekara ta 336. Dama Romawa suna da nasu bikin Saturnaliya da ke farawa 17 ga wata, a ci a sha a yi kyaututtuka, har ubangida ya kawo wa bawansa abinci da hannunsa. Wasu sun ce coci ta ɗora nata a kai ne, wasu kuma sun ce lissafi ne, wai ran 25 ga Maris aka ɗauki cikin Yesu, ki ƙara wata tara ki gani. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Ɗan_Tarihi:
Baba ka bar mata zancen bishiya ai. Anti ki duba, a arewacin Turai wajen 21 ga Disamba dare ya fi na kullum tsayi, wani wurin ƙarfe uku na yamma duhu ya fara, itatuwa duk sun kakkaɓe sai 'yan kaɗan da ba sa zubar da ganye, to dole mutane su ƙaunace su. Su Nowe da Suwidin suna da bikin hunturu mai suna Yul tun kafin Kiristanci ya je musu. Amma ƙawata bishiya a ɗaki Jamusawa suka fara wajen ƙarni na 16, ta bazu a Ingila bayan an buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat kusa da tasu a 1848.

Ummin_Sadik:
Ikon Allah! To shi tsohon fa?

Baban_Rahila:
Asalinsa Nikolas ne, bishop, wato babban limamin coci, a garin Mira cikin Turkiyya ta yau, ƙarni na 4. Ana ba da labarin ya jefa jakar zinariya cikin dare ta tagar wani talaka mai 'yan mata uku da ya rasa kuɗin aurar da su. Mutanen Holan ke ce masa Sintaklas, a Amurka aka ƙara masa tumbi da keken barewa. Ranarsa ma 6 ga Disamba ce ba 25 ba.