Adireshin gida a jikin lasin tuƙi: yadda aka kaya a zauren 'yan uwa mazauna Amurka

Maman Hanif: Jama'a raina a ɓace yake. Maigidana jami'i ne mai sa ido kan waɗanda aka yi wa ɗaurin talala. Jiya ya je hayar mota, ya miƙa lasin, yaron da ke kan kanta ya duba ya ce, "Ashe nan unguwar kake?" Wallahi yaron nan, maigidana ne ya taɓa sa aka mayar da shi gidan yari. Lambar gida, sunan layi, ga su nan ɓaro-ɓaro. Me zai hana a riƙa sa musu adireshin ofis? Ban runtsa ba, sau uku ina tashi duba ƙofa.

Alhaji Bronx: Allah ya tsare. Aikin gandiroba sai haƙuri.

Maman Hanif: Alhaji, da girmanka, mijina ba gandiroba ba ne. Bai riƙe makullin kowa ba. Da digirinsa.

Alhaji Bronx: Hajiya, da mai rubuta rahoto a mayar da mutum kurkuku da mai murza makulli, ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Malam Habu: Ku tsaya, maganarta tana kan hanya. A 2013 har gida aka je wa Tom Clements, shugaban gidajen yarin jihar Kolorado, yana buɗe ƙofa aka harbe shi. Wanda hukuma ta ce shi ya yi, ɗan ɗaurin talala ne da ya cire na'urar sa ido da aka ɗaura masa a ƙafa. Haka aka harbe 'yar fim Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta a 1989, daga ofishin lasin na Kaliforniya aka samo adireshinta. Dalilin dokar 1994 ke nan da ta taƙaita fitar da bayanan masu lasin, amma rajistar ofishin lasin dokar ta kare, ba katin da za ka miƙa da hannunka ba.

Alhaji Bronx: Ka ji ko? Shugaban gandirobobi. Ni na faɗa.

Yaya Talatu: Ni "da digirinsa" ɗin nan ce ta tsaya mini. Babanmu gandiroba ne shekara 30 a Kano, da albashinsa muka yi karatu. Abin kunya ne?

Maman Hanif: Yaya, ni ban zagi Baba ba.

Ɗan Damagaram: Ai ko a Najeriya tun 2019 kun koma cewa gidan gyaran hali. Sai ku ce mai gyaran hali, kowa ya huta.

Yaya Talatu: Kai kuma wa ya sa da kai? Kawo kuɗin adashin watan jiya tukuna.

Ɗan Damagaram: A gaban mutum 200 za ki tona ni? Na tura wa mijinki!

Malam Habu: To adireshin fa?

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: gandiroba ba zagi ba ce, kamar yadda Alhaji, babanmu a zauren nan, ya yi bayani da hujja. Malam Habu a rage dogon rubutu. Maman Hanif a riƙa tauna magana, a kuma ƙara sakata. Masu adashi ku same ni ta bayan fage.