127.0.0.1 ko 0.0.0.0, wanne zan bari a saitin asali?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Na rubuta 'yar manhajar lissafin kaya da Python, ana buɗe ta a burauza ta fot 8080 (lambar ƙofar da take sauraro). Asali don shagon kawuna na yi ta, maƙwabta suka gani suka ce su ma suna so, har wani ya kawo tsohuwar laftof aka ɗora masa. Na bar sabar a 127.0.0.1, yanzu kira ta ko'ina wai ba ta buɗewa a waya alhali duk Wi-Fi ɗaya ne. Ina so in mayar da ita 0.0.0.0 kafin Juma'a. Da matsala?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kar ka soma. 127.0.0.1 kwamfutar ce ke magana da kanta, shi ya sa waya ba ta gani. 0.0.0.0 kuwa ka ce wa sabar ta saurari duk katin sadarwar da ke jikin injin: Wi-Fi, kebul, VPN, har adireshin intanet idan akwai. MongoDB, manhajar rumbun bayanai, ta yi wannan sakacin, a Janairun 2017 aka share dubban rumbunan bayanai ana neman kuɗin fansa, sai a siga ta 3.6 suka koma localhost, wato kwamfutar ita kaɗai. Redis ma, wata irinta, sai da ta ƙaro kariya a siga ta 3.2. Bar 127.0.0.1, ka ba su zaɓin --host na canza adireshin, mai so ya buɗe da hannunsa. Manhajar tana tambayar kalmar sirri?

Mai tambaya: Ba ta tambaya tukuna yallaɓai. Amma ai duk suna bayan rauta, wa zai shigo? Kuma mai shago bai san wani --host ba.

Injiniya: Duk wanda aka ba kalmar Wi-Fin shagon. Ranar da aka ɗauki laftof ɗin aka jona a Wi-Fin otal fa? 

Mai Docker: Malam, maganarka ba ta zauna ko'ina ba. Cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da Docker ke tafiyar da manhaja, in sabar ta tsaya a 127.0.0.1, ko ka buɗe fot da -p 8080:8080 babu abin da zai isa gare ta, dole 0.0.0.0 a ciki. A waje ake ƙuntatawa: -p 127.0.0.1:8080:8080. Abin haushin ma, Docker na rubuta dokokinta a iptables (tsarin tace hanyar sadarwa na Linux) kai tsaye, ufw da kake saita shingen tsaro da ita na ce maka a rufe, ƙofa kuwa a buɗe. Shekara da shekaru ana kuka a kan wannan.

Injiniya: Wa ya ce yana amfani da Docker? Mu tsaya kan tambaya.

Anti mai Linux: Ni dai ina ganin ya ɗaure ta a adireshin gida na laftof ɗin, kamar 192.168.0.20. Sai dai a kafe adireshin a DHCP na rauta, wato sashen da ke raba adireshi, in ba haka ba ranar da ya canza sabar za ta ƙi tashi da "Cannot assign requested address". Kuma ka rubuta lamba, kar ka rubuta localhost, wasu injinan ::1 (takwaran 127.0.0.1 a sabon tsarin adireshi na IPv6) suke fara bayarwa. Bayan ta tashi duba inda take sauraro da ss -tlnp, a Windows netstat -an.

Injiniya: Anti, wannan ma duk wanda ke Wi-Fin zai shiga. Hanya ɗaya ce: idan adireshin ba 127.0.0.1 ba ne kuma babu kalmar sirri, manhajar ta ƙi tashi. Ko ta ƙirƙiri lambar sirri a tashin farko ta nuna a allo, yadda manhajar Jupyter ke yi.

Mai tambaya: Na gode duka. Amma http.server, 'yar sabar da ke zuwa da Python, ma ai a buɗe yake zuwa, ban ji an yi surutu ba. Shafin shiga ba zai samu kafin Juma'a ba gaskiya. In na sa 0.0.0.0 na canza fot zuwa 49321 fa?

Mai Docker: nmap -p-, mai binciken duk fot-fot, zai tono shi. Wai Windows ce a laftof ɗin ko Linux? Har yanzu ba ka faɗa ba.